SHEKARAR KULLE: Abin da Dokar Korona Ta Yi wa Iyaye da Iyalansu a Gauraka



Bahaushen da ba da lamba yake riƙe shekaru ba, da suna yake riƙe su. Idan aka tambayi tsoho shekarunsa, sai ya ce an haife shi bayan Kakalaba, wato yunwar nan ta 1914, ko kuwa ya ce yana goye aka yi Marisuwa, murar nan ta 1918 wadda ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Legas, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Arewa, kuma masana tarihi suke ƙiyasta ta ci rayukan mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya. To mu ma Allah Ya nuna mana tamu shekarar, ita ce 2020.

Abin lura shi ne ba sunan cutar ne ya zauna a bakin mutane ba. Ka saurari matanmu suna lissafin shekarun yaro, sai ka ji an ce, "Ai wannan ɗan lokacin kulle ne." Kuma suna da gaskiya, domin kuwa a nan Gauraka da yawa daga cikinmu har annobar ta lafa ba mu ga wanda aka ɗauka zuwa cibiyar killace masu cutar ta Gwagwalada da idonmu ba, amma babu gidan da kullen bai shiga ba. Jaridu sun rubuta yawan waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Abin da ya faru a cikin ɗaki kuwa, tsakanin miji da mata, tsakanin uba da 'ya'yansa, ba a rubuta shi ba. Shi ne muka ga ya dace wannan mujalla ta ajiye shi tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.

YADDA MUKA ZO NAN

Ba za a gane nauyin abin ba sai an san irin zaman da muke yi. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tun farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu cikin ƙasar Gbagyi da Koro, kuma ɗan'uwansa Abu Ja shi ya kafa birnin Abuja na asali a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ba sabon birnin wannan suna, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Waɗannan su ne Zage-zagin da muka tarar, masu masauki.

Mu kuwa namu zuwan na baya-bayan nan ne, kuma Abuja ce ta jawo mu. Wasu sun zo tun ana haƙa harsashin ginin birnin, lokacin da ma'aikatan hukumar raya shi suke zaune a Suleja. Wasu sun biyo bayan dawowar gwamnati daga Legas ran 12 ga Disamba 1991. Mafi yawa kuma rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ne ya turo su, tare da hana acaba a tsakiyar birnin a 2006. Daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Jigawa, har da Maraɗi da Damagaram, aka taru a wannan ɗan tsiri na ƙaramar hukumar Tafa da ke bakin babban titin Kaduna zuwa Abuja, saboda hayar ɗaki a nan talaka zai iya, a cikin birni kuwa sai dai ya gani a mafarki.

Saboda haka gidan mutumin Gauraka a kan hanyoyi biyu yake tsaye. Ta farko ita ce wadda ake bi da asuba: Madalla, Zuba, Dei-Dei, Kubwa, har Wuse. A kanta birkila da lebura da ɗan ga-ruwa da mai gadi da mai shayi da direba da ɗan kamasho suke samo abin da za a ɗora a wuta da yamma, hannu baka hannu ƙwarya. Ta biyu ita ce hanyar gida, ta Tafa zuwa Kaduna zuwa Zariya, inda iyaye da surukai da gonaki da maƙabartar kakanni suke. Ta farko tana ciyar da ciki, ta biyu tana riƙe da zuciya. A cikin mako guda aka toshe su duka biyun.

DOKA UKU A KAN GARI ƊAYA

An sami mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, wani ɗan ƙasar Italiya. Mu dai a majalisu dariya muka yi ta yi, ana cewa cutar masu hawa jirgin sama ce. Ba a cika wata guda ba aka rufe makarantu. Ran 25 ga Maris gwamnatin Jihar Neja ta Gwamna Abubakar Sani Bello ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare. A nan ne manya suka riƙe baki. Mun san dokar hana fita ai. Mun ga irinta bayan bom ɗin ofishin hukumar zaɓe na Suleja a Afrilun 2011 da na cocin Madalla ranar Kirsimetin wannan shekara, lokacin da aka sa maƙwabciyarmu ƙaramar hukumar Suleja cikin dokar ta-ɓaci. Amma abin da muka saba shi ne a hana ka dare a bar maka rana ka nemi abinci. Wannan kuwa ranar ta ɗauke.

Kashegari Kaduna ta rufe tata jihar ba dare ba rana, kuma ba ta buɗe ba sai bayan kwana 75. Ran 29 ga Maris Shugaba Buhari ya yi jawabi ya rufe Legas da Ogun da Abuja daga ƙarfe 11 na daren Litinin 30 ga wata, da farko mako biyu, aka yi ta ƙarawa har ya zama mako biyar, sai 4 ga Mayu aka fara sassautawa. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ma ya tsaya. Da aka sami mutum na farko mai cutar a Minna cikin Afrilu, sai ita ma Neja ta ƙara ɗaure tata. Ka ga ke nan mu a Gauraka doka uku ce ta hau kanmu: ta Neja inda muke kwana, ta Abuja inda muke ci, da ta Kaduna inda hanyar gida ta bi. Ranar da wannan ta sassauta, waccan tana ɗaure. Kuma fita ba wasa ba ce, don Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayar da rahoton cewa a makonni biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasa wajen tilasta dokar, wato fiye da waɗanda cutar ta kashe a wannan lokaci.

Ba muna cewa dokar ba ta da tushe ba ne. Malamanmu sun tuna mana cewa shari'a kanta ta hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba. Sai dai wanda ya tsara dokar, da alama, gida mai firji da katanga da albashin ƙarshen wata yake hangowa.

DA MAZA SUKA ƊANƊANI KULLE

Duk wanda ya fara kiran wannan doka da suna "kulle" a gidajen rediyo, ya iya Hausa. Kalmar tamu ce tun da can, amma ta mata ce. Matar kulle ta san zaman gida, ta san yadda ake cinye yini tsakanin bango huɗu. Namiji kuwa bai sani ba. A al'adarmu gida da rana na mata ne. Maigida ya ba da kuɗin cefane da safe ya fita, in ya dawo ya ci tuwo, ya yi sallar isha'i a masallaci, ya zauna a majalisa, sai dare ya raba ya shigo. Mutuncinsa a gidan yana cikin wannan fitar da wannan dawowar da leda a hannu.

A can gida ma da sauƙi, domin gidan gargajiya yana da zaure, yana da turaka, yana da tsakar gida mai faɗi. Namiji zai iya zama a gida ba tare da ya zauna a kan matarsa ba. A gidan haya na Gauraka fa? Ɗaki ɗaya ne, in an yi arziki ciki da falo, makewayi ɗaya na gidan gaba ɗaya, murhu a baranda, maƙwabcinka na jin tarinka. Ga shi kuma lokacin ya faɗo a tsakiyar bazara, kwanon rufi ya ɗau zafi kamar tanda, wutar lantarki sai an ga dama. A cikin wannan ɗakin aka tara uba da uwa da yara biyar ko shida, safe da rana da dare.

Sai magidanci ya fara ganin abubuwan da bai taɓa gani ba. Ya ga yawan man da ake zubawa a miya. Ya ga yadda mudun shinkafa yake ƙarewa. Ya fara tambayar ina ashanar jiya. Matan suna da suna da suke ba irin wannan miji, ba sai mun rubuta shi a nan ba. Ita kuma uwargida ta ga mutumin da take jin nauyinsa zaune a kan tabarma tun safe, ba ya da ko sisi, yana kallon rufi. Ta buɗe baki ta ce babu gishiri, shi kuma abin da kunnensa ya ji shi ne an ce masa ya gaza. Yawancin faɗan da aka yi a wannan lokaci, in ka bi asalinsa, daga irin wannan 'yar magana ya tashi. Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. To wannan zaman ba wanda ya gayyaci wani, dole ce ta haɗa.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi bincike ta waya a watannin Afrilu da Mayu na 2020, inda ta gano cewa kashi 42 cikin ɗari na masu aiki sun daina aiki saboda annobar, kashi 79 cikin ɗari na gidaje kuma kuɗin shigarsu ya ragu. Wannan lissafin ƙasa baki ɗaya ne, har da manoma da ma'aikatan gwamnati masu jiran albashi. Mai karatu sai ya auna da kansa yadda abin zai kasance a garin da kusan kowa sai ya fita yake ci. Ga shi dama tun Agustan 2019 an rufe iyakokin ƙasa, shinkafa ta riga ta yi tsada. An sayar da waya, an sayar da akuya, an kai keken ɗinki jingina. Mai kanti ya ba da bashi har littafinsa ya cika, shi ma ya rufe. Mai gidan haya kuwa shi ma da iyalinsa, kuɗin hayar nan shi ne abincinsa.

Sannan ga wani nauyin da ba a faɗa: aike. Kusan kowane magidanci a cikinmu akwai tsohuwa ko tsoho a ƙauye da ke jiran abin da zai turo, kuma a can ana ganin duk wanda ke "Abuja" a cikin daula yake. Waya ta yi ƙara, ka ga lambar gida, ka kasa ɗauka. Dattijai masu gemu sun gaya mana cewa wannan ya fi yunwar ciwo.

ABIN DA MATA SUKA RASA

Kada wani ya ce ai su mata sun saba. Kullen da suka saba yana da ƙofofi. Akwai yaran da ke ɗaukar tallan ƙosai da awara da ɗanwake da zoɓo zuwa bakin titi da tasha da ƙofar makaranta, su dawo da ciniki da labarin gari. Akwai Islamiyyar matan aure. Akwai biki da suna da barka da dubiya, inda mace ke haɗuwa da 'yan garinsu ta sauke abin da ke ranta. Akwai adashi. Duk waɗannan sun tsaya cak. Babu matafiya a titi, babu mai sayen ƙosai. Babu ciniki, babu zubi. Uwar adashi ta rasa yadda za ta yi da wadda kwasarta ta zo. Jarin da mace ta yi shekaru tana juyawa, a tukunyar gidan ya narke cikin 'yan makonni, kuma sau da yawa ba tare da an ce mata sannu ba.

Amma a ganinmu babban abin da aka rasa shi ne wanda ba a cika yaba masa ba, wato yaji. Kowa ya san yaji da biko a auren Hausa. Idan zama ya yi zafi, mace ta ɗau mayafinta da ɗan goyonta ta tafi gidansu ko gidan waliyyinta. Ta kwana biyu, zuciya ta huce, miji ya tura manya ko ya je da kansa, a yi masa faɗa, a yi mata nasiha, ta dawo. Mutane na ganin yaji kamar ɓaraka ce, alhali kuwa shi ne ƙofar da hayaƙi ke fita kada ɗakin ya kama wuta. To matar da gidansu yake Malumfashi ko Gumel ko Tasawa, an rufe iyakar jihohi, ina za ta? Ba yaji, ba biko, ba kawu ba gwaggo da za su shiga tsakani. Wasu suka haɗiye, wasu hannu ya shiga, wasu kuma kalmar da ba a son furtawa ta fita daga bakin miji cikin fushi, aka wayi gari mace tana idda a ɗakin da babu inda ɗayansu zai matsa. Limamai da masu unguwanni da dattawan ƙungiyar nan sun san yawan ƙofofin da suka ƙwanƙwasa da dare a wannan lokaci. Kuma ba mu kaɗai ba ne: ƙorafin cin zarafin mata da yara ya yi yawa a ƙasar har a watan Yunin 2020 gwamnonin jihohi suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata.

Haka nan masu ciki. Al'ada ce mai cikin fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego na kwana arba'in. Yaran mata da yawa a nan suka haihu a hannun maƙwabta, wasu ma ba Hausawa ba, kuma wallahi sun yi abin a yaba musu. Sai dai maijegon da ke kuka ita kaɗai da tsakar dare, ba ta san dalilin kukan ba, babu tsohuwar da za ta ce mata wannan abu ne da aka sani, zai wuce.

YARA, AZUMI DA LABARIN KANO

Makarantu sun zauna a rufe tun ƙarshen Maris. 'Yan ajin ƙarshe ne kawai suka koma ran 4 ga Agusta don jarrabawa, saura sai wajen Oktoba, wato sama da wata shida. An ce a yi karatu ta rediyo da talabijin da intanet, amma a gidan da waya ɗaya ce, ita ma babu kati, wannan zance ne kawai. Yaro ba ya zama. Uwa ta yi tsawa, uba ya ɗau bulala, kuma sau da yawa ba laifin yaron ne ya kai girman dukan ba. Malaman makarantu masu zaman kansu, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne, sun yi watanni babu albashi. Sai kuma gwamnonin Arewa suka shiga kwashe almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, iyaye a nan suna ta bugun waya suna neman inda aka kai 'ya'yan da suka tura karatu.

A cikin wannan hali azumi ya kama ran 24 ga Afrilu. Ba tafsiri a taro, ba tarawihi cikin jam'i a yawancin wurare, ba buɗa-bakin masallaci da marasa ƙarfi suka saba dogara da shi ba tare da kowa ya gane ba. Mako guda kafin nan Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu da cutar, aka binne shi a maƙabartar Gudu. Masu cewa cutar manya ce suka ƙara samun abin faɗa. Sai ga labarin Kano. An rufe ta tun 16 ga Afrilu, masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa ganin gawa da yawa haka ba, dattawa da malamai da 'yan kasuwa suna ta tafiya a jere. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙidaya mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye da rabi na da alaƙa da cutar.

Ga mu nan kuwa, kowace safiya sai an yi wa wani waya. Mahaifinka ya rasu, an yi masa sutura, an kai shi, kai kana Gauraka. Ba ka ga fuskarsa ba, ba ka sa hannu a makara ba, ba ka zauna karɓar gaisuwa ba. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, to an ɗaure ƙafar. Wasu sun kasa haƙuri suka hau bayan motocin kaya, ko suka bi ta daji a kan babur suna zagaye shingaye, suka biya ninkin kuɗin mota. Haka ma 'yan ci-rani da damina ta faɗi suna nan, gona tana can tana jira. An yi ƙaramar Sallah ran 24 ga Mayu kowa a inda yake, kuma ba a buɗe hanyoyin jihohi ba sai 1 ga Yuli. Aikin Hajji ma a wannan shekara babu wanda ya je daga Nijeriya, abin da ya tuna wa manya 1996, shekarar sanƙarau, da aka hana alhazanmu shiga Saudiyya.

Gaskiya ɗaya ce, ba sharri kaɗai aka gani ba. An ɗaura aure da yawa ba kiɗa ba almubazzaranci, samarin da lefe da dina suka hana aure suka samu shiga. Wasu iyaye a lokacin ne suka fara jan iyalinsu sallah, suka gane cewa ɗan da ake biya wa kuɗin makaranta shekara huɗu bai iya haɗa baƙi ba. Kwanon tuwo kuma ya riƙa tsallaka katanga tsakanin Bahaushe da Bagware da Bayarabe da Ibo ba tare da an tambayi addini ba.

Maganar tallafi kuwa gajeruwa ce. An fara rabon Naira 20,000 ga wasu gidaje a Kwali a farkon Afrilu, mun ji a rediyo. A Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da Gwagwalada da wasu garuruwa, aka ga buhunan kayan tallafin korona jibge. Ba mu goyon bayan wawaso, amma uban da ya sayar da katifarsa a watan Mayu ya ga wannan hoton, ba sai an tambaye shi abin da ya ji ba.

CIWON DA BA MU DA SUNANSA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Mu a nan ba wanda ya auna mu, kuma ko da an zo aunawa, "Lafiya lau, alhamdu lillahi" za a ji. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ita ke rufa asirin gida, amma tana da tsada. Magidancin da ya yi wata biyu ba ya barci, abinci ba ya masa daɗi, ƙaramin abu ya harzuƙa shi, ba zai ce yana da damuwa ba. Zai ce hawan jini ne, ya je kemis. Matar da ta daina kitso, ta daina magana, take zama ta zuba wa bango ido, sai a ce iska ce ko sammu, a nemo mai ruƙiyya. Matashin da ya koma shan ƙwaya, a ce ya lalace. A harshenmu tsakanin "lafiya" da "taɓin hankali" babu wani masauki, shi ya sa kowa yake gudun a ambaci ƙwaƙwalwarsa.

Addu'a magani ce, ba mu musun wannan. Amma likitoci sun tabbatar cewa irin wannan damuwar ciwo ce kamar sauran cututtuka, tana da alamomi, tana da magani, kuma ba hauka ba ce. Matsalar ita ce likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, babban asibitin da mutanenmu suka fi sani kuma shi ne na Barnawa a Kaduna, wanda sunansa kaɗai ke sa iyali su ɓoye mara lafiyarsu. Har lokacin kullen, dokar da ƙasar ke aiki da ita a wannan fanni ta 1958 ce, ta zamanin Turawa. Sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwa.

Allurar rigakafi ta sauka Abuja ran 2 ga Maris 2021, hanya ta buɗe, kasuwar Madalla ta koma cika titi. Amma akwai yaran da suka kama acaba ko talla a watannin nan shida ba su koma aji ba, akwai 'yan matan da aka aurar saboda a rage baki, akwai auren da ya mutu bai tashi ba, akwai kuma dattawan da tun daga lokacin ba su koma daidai ba, muna sallah sahu ɗaya da su.

Asusun ƙungiyarmu, kamar yadda kowa ya sani, an gina shi ne a kan rasuwa da gobara da haɗarin mota. A lokacin kulle an ga cewa babu wani tanadi na gidan da kowa yake da rai amma ba a ɗora tukunya ba, haka kuma babu wasu sanannun dattawa mata da matar da iyayenta ke nesa za ta je wurinsu ta kwana biyu a matsayin gidansu. Waɗannan batutuwa biyu za a gabatar da su a babban taro mai zuwa, kuma ana roƙon kowane reshe ya zo da ra'ayinsa, har da ɓangaren mata. Wanda kuma yake da abin da ya gani a shekarar kulle da yake son a ajiye, ya rubuto wa sakatare, ko ya same shi bayan taro a rubuta daga bakinsa. Ba za a buga sunan kowa ba.